Wa Zai Biya Kuɗin Kwalta?

A garuruwanmu, idan motocin zuba kwalta suka shigo unguwa sai dai a yi murna, domin kowa ya san daga baitulmalin gwamnati kuɗin suka fito. A garuruwa da yawa na ƙasar Amurka kuwa ba haka abin yake ba. Can, in ƙaramar hukuma ta shimfiɗa wa wani layi kwalta, masu gidajen da ke bakin layin ake aika wa takardar biya. Hujjar hukuma ita ce darajar gidajensu ce ta ƙaru, don haka bai kamata a aza wa mutumin wata unguwa nauyin abin da bai mora ba.

Hujjar tana da daɗin ji. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen rabon kuɗin. Hanyar da ta fi shahara ita ce a auna faɗin fuskar kowane fuloti, wato ɓangarensa da ke kallon titi. Mu ƙaddara aikin ya ci dala 60,000, kuma fuskokin gidajen gefe biyu sun tashi ƙafa 1,200. Ke nan kowace ƙafa dala 50 ce. Mai fuskar ƙafa 40 zai biya dala 2,000, mai ƙafa 100 kuma dala 5,000. Ɗan aji ɗaya ma zai iya wannan lissafi. To amma mai karatu ya dubi attajirin da fulotinsa siriri ne mai zurfi, ya cika shi da 'yan haya, sa'annan ya dubi tsohuwar da ta gaji fili mai faɗin fuska marar zurfi. Ita ce za ta fi biya. Wanda gidansa ke kan kwana kuwa, yana iya biya sau biyu.

Irin wannan ta sa magana ta kai Kotun Ƙoli ta Amurka. A ƙauyen Norwood na jihar Ohio, hukuma ta yanki filin wata mata mai suna Baker don fitar da titi, aka yanke mata diyyar dala 2,000. Daga nan sai aka aiko mata da takardar biyan fiye da dala 2,200, wai ai filinta ne ke gefen titin dama da hagu. An ba ta da hannun dama, an karɓe da na hagu har da ƙari. A 1898 kotu ta ce karɓar abin da ya zarce amfanin da mutum ya samu nesa ba kusa ba, ƙwace ne. Sai dai a 1901, a wata shari'ar zuba kwalta daga birnin Kansas, kotun ta amince cewa awon fuska shi kansa bai saɓa wa tsarin mulki ba.

Ni da ilimin halittu ne fagena, abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Shekara ɗaya kafin hukuncin Norwood, wato a 1897, likitan nan Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin sauro a ƙasar Indiya. Amurka kanta ba ta rabu da cutar ba sai wajen 1951. Titin da ba kwalta ba magudana, da damina sawun tayoyi kan riƙe ruwa, kuma irin wannan ɗan kwancin ruwa mai shan rana ne sauron da ya fi addabarmu a Afirka ke so. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, kwana 10 zuwa 14 sun isa a lokacin zafi. In ya tashi yakan yi tafiyar ɗaruruwan mitoci, ba ruwansa da iyakar fuloti. Haka ma ƙurar rani da ke shiga huhun yara. Saboda haka idan aka gyara layi ɗaya, mutanen layi na uku da na huɗu ma sun amfana, alhali ba a auna fuskar gidajensu ba. A ganina nan ne babban raunin wannan tsari yake: tsayin katanga kawai yake iya aunawa.

Ba Amurka kaɗai ke fama da wannan tambaya ba. A Jamus, dokar gine-gine ta tilasta wa ƙaramar hukuma ɗaukar aƙalla kashi 10 cikin 100 na kuɗin sabon titi, sauran kuma ana iya raba wa masu filaye. Kuɗin sabunta tsohon titi kuwa ya jawo ƙorafi mai yawa, har jihar Bavaria ta daina karɓarsa daga masu gidaje a 2018.