GANYE MAI BAURI: AMFANINSA DA IYAKARSA

Yau za mu yi magana a kan ganyen wani itace wanda ba ya tsiro a ƙasarmu, amma labarinsa zai koya mana abu game da itatuwan da ke bayan gidajenmu. Turawa suna kiran itacen nan wolnot, Larabawa kuwa suna ce da 'ya'yansa jauz. Yanzu labarin magungunan ƙasashen waje yana shigowa har cikin ɗaki ta wayar hannu, watakila kai ma ka taɓa jin ana yabon ganyen nan, ana cewa yana maganin kaza da kaza. To, ka saurara ka ji abin da ya tabbata a kansa da abin da bai tabbata ba.

Itacen da ganyensa

Wolnot babban itace ne na ƙasashen sanyi. Akwai shi da yawa a Farisa, watau Iran, da Turkiyya, da Sin, da ƙasashen Turai. Ba ya yin kirki sai inda a ke yin sanyi mai tsanani kowace shekara, saboda haka ko ka shuka shi a Takur ka bi shi da ban ruwa, wahala kurum za ka sha. Kada kuma ka haɗa shi da 'ya'yan itacen nan mai baƙin kwasfa da a kan kawo dafaffe daga Kudu, wanda Yarbawa ke kira asala, Ibo kuwa ukpa. Wannan dabam ne, yaɗo ya ke yi a jikin wasu itatuwa, suna kurum suka haɗa a bakin Turawa.

Tun zamanin da, talakawan ƙasashen can suna tsinko ganyen su shanya. Su kan dafa shi su wanke ƙuraje da ƙaiƙayi, su jiƙa ƙafa mai yawan gumi, su kurkure baki in dasashi ya kumbura. Waɗansu su kan sha saboda gudawa ko tsutsar ciki, a Farisa kuma har saboda ciwon sukari.

Me ke cikin ganyen?

Ka taɓa tauna ɗanyar gwaba ko bagaruwa, ka ji bakinka ya ɗaure, harshe ya bushe? Wannan shi ne bauri. Abin da ke kawo baurin nan Turawa suna kiransa tanin, kuma shi ne babban ƙarfin ganyen wolnot. In an auna busasshen ganyen, wajen kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa duk tanin ne.

In kana so ka gane aikinsa, dubi majemi. Majeman Kano sun daɗe suna daka bagaruwa su jiƙa fata a ruwanta. Fatar da in an bar ta za ta ruɓe ta yi wari, sai ta tsuke ta yi ƙarfi, ta zama kirgin da za a ɗinka jaka da takalmi. Haka bauri ke yi a jikin mutum, sai dai kaɗan, kuma a sama-sama. Yana tsuke fatar da ta yi laushi, ya tsane ruwan da ƙurji ke fitarwa, ya rage gumi da ƙaiƙayi. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya ratsa jiki ya bi jini ya kashe ƙwayar cuta a inda ta ɓuya.

Akwai kuma wani abu na biyu a ɗanyen ganyen da koren ɓawon 'ya'yan, wanda ke rina hannu ya yi duhu. Ɗan'uwa ne na kusa ga abin da ke sa lalle ya kama, shi ya sa mutanen can su kan rina gashi da ulu da shi. Yana da kaifi, ya kan sa fatar waɗansu mutane ta yi ja ko ta tashi. In ganyen ya bushe ya kan ragu ƙwarai, don haka busasshe a ke amfani da shi.

Abin da masana suka yarda da shi

Gwamnatin Jamus ta kafa kwamitin masana domin su bi magungunan ganye ɗaya-ɗaya su tace. A 1990 suka fito da hukuncinsu a kan ganyen wolnot. Abu biyu suka yarda da shi: ƙaramin kumburin fata na sama-sama, da yawan gumin hannu da ƙafa. Dukansu kuwa wankewa ne daga waje, ban da sha. Awon da suka bayar shi ne giram 2 zuwa 3 na busasshen ganye a ruwa mililita 100, a tafasa, a tace, a bari ya huce, a jiƙa tsumma mai tsabta a ɗora. A 2013 hukumar magunguna ta ƙasashen Turai ta sake dubawa, ta tsaya a kan abu biyun nan, ta ƙara da cewa na manya ne, kuma kada a sa a buɗaɗɗen rauni.

Ka lura da wannan. Ba su ce maganin kakanninsu banza ne ba, ba su kuma ce yana maganin kome da kome ba. Sun auna, sun riƙe abin da ya tsaya, sun zubar da saura.

Abin da ganyen ya kasa

A 1841 wani likita a garin Angers ta ƙasar Faransa, sunansa Negrier, ya rubuta cewa ganyen wolnot yana warkar da ciwon nan da ke kumbura kaluluwar wuya har ta fashe tana ɗigar mugunya. Likitoci da yawa suka bi shi shekara da shekaru. Gaskiya ne ruwan ganyen ya kan tsane bakin miki ya yi kyaun gani. Amma a 1882 Robert Koch na Jamus ya gano ƙwayar tarin fuka, aka kuma tabbatar ita ce ke haddasa irin wannan kumburin wuya. Ganye yana gyara waje, ƙwayar tana can ciki tana cin mutum. Ba a sami maganinta na sosai ba sai bayan 1940.

Ciwon nan yana nan har yau. In ka ga kumburi a wuyan yaro ko babba ya yi mako biyu ko uku bai sauka ba, balle in da rama, da zazzaɓin dare, da tari, kada ka tsaya shafe-shafe. Ka kai shi asibiti a duba. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata shida a ke sha ba fashi.

Haka kuma mai ciwon sukari. Kada ya ajiye ƙwayarsa ko allurarsa domin ya ji an ce wani ganye yana sauke sukari.

Namu na gida

To, ka ga ba ka da bukatar ka sayi ganyen da aka ɗauko daga wata uwa duniya da tsada. Allah ya ba mu masu bauri a nan. Ga bagaruwa a fadama, wadda baurin kwasfarta ya fi na ganyen wolnot yawa. Ga sabara a kowace saura tsakanin Dutse da Kiyawa da Jahun. Ga marke a daji, ga ganyen gwaba a lambu. In ka shiga kasuwar Shuwarin za ka tarar da su a gaban masu sassaƙe-sassaƙe. Iyayenmu mata sun san su sarai: ruwan bagaruwa na zama ga mai jego da mai basir, na kurkurar baki ga mai ciwon dasashi, sabara kuwa a ruwan wanka.

Dokar da ta hau wolnot ita ce ta hau su. Ga babba mai ƙurajen zafi, ko ƙafa mai gumi da wari, ko dasashi mai taushi, ruwan bauri wanda aka tafasa aka tace ya huce yana iya sa a ji sauƙi. Amma ƙazuwa wani ɗan ƙwaro ne ke haƙa rami a cikin fata, sai maganin shafawa na asibiti, kuma a yi wa duk 'yan gida tare, a wanke tufafi da shimfiɗa. Makero na kan yara shi ma yana da nasa magani na sha. Gyambo, da ƙuna, da ciwon da ya fito a ƙafar mai ciwon sukari, waɗannan ba a wasa da su, aikin malamin asibiti ne.

Gudawa: a nan hatsarin ya ke

Uwar gida, wannan magana taki ce. Yaro ya kama gudawa, kaka ta ce a dafa ganyen gwaba ko a jiƙa bagaruwa a ba shi. Aka ba shi, bayan gida ya ɗan yi kauri, hankalin kowa ya kwanta. Kashegari sai a ga yaro ya yi laushi, ba ya ko iya kuka.

Me ya faru? Abin da ke kashe yaro a gudawa shi ne ruwa da gishirin da ke zubewa daga jikinsa. Ki ɗauka randa ce ta tsage. Ko an liƙe tsagar, in ba a zuba wani ruwa ba, randar wofi ce. Bauri yana iya ɗan ɗaure ciki, amma ba ya mayar da ko cokali ɗaya na abin da ya zube. Kuma jikin yaro ƙarami ne, yini ɗaya ya isa ya ƙafe.

Maganin yana nan, ba tsada. A 1971, lokacin yaƙin Bangladesh, kwalara ta faɗa wa sansanin 'yan gudun hijira a iyakar Indiya. Ruwan da a ke ƙarawa ta jijiya ya ƙare. Wani likita, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a ruwa ana ba marasa lafiya su sha. Da farko cikin mutum 100 wajen 30 ke mutuwa, sai abin ya sauko ƙasa da 4. Mu ma mun ga irin wannan annoba. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani.

Ga yadda za ki yi. Ki ajiye ƙunshin garin gishiri da sukari na asibiti a gida tun kafin bukata ta zo. Ki dama shi a yawan ruwan da aka rubuta a jikin takardar, ruwa mai tsabta wanda aka tafasa ya huce. In babu, ki auna ruwa lita ɗaya, ki zuba sukari cokalin shayi shida a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi a shafe. Ki ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. Ki riƙa ba yaro da cokali, kaɗan-kaɗan, musamman bayan kowace fita. In ya yi amai, ki dakata minti 10 ki ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya yini, a zubar a dama sabo. Kada ki hana shi nono, kada ki hana shi abinci.

A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara da ƙwayar zinki, awon da ta bayar a lokacin kuwa shi ne: miligiram 20 kowace rana har kwana 10 zuwa 14, jariri wanda bai kai wata shida ba kuwa miligiram 10. Tana rage kwanakin gudawa, tana kuma tsare yaro daga saurin komawa.

In kin ga ɗaya daga cikin alamun nan, ki goya shi sai asibiti, ko da tsakar dare ne: ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa, ya ƙi shan kome, fitsari ya ɗauke, in an tsunkuli fatar ciki ba ta komawa da sauri, jini a bayan gida, ko gudawa fara kamar ruwan shinkafa. Mai gida, kuɗin mota da izini a hannunka su ke. Kada ka ce a bari sai gari ya waye.

Abubuwa shida da za ka riƙe

1. Ganye mai bauri na wanke waje ne, ga babba, a kan ƙaramar damuwa.

2. In an yi mako guda ba sauƙi, ko wurin ya ƙara ja, ko mugunya ta taru, ko zazzaɓi ya shigo, a daina a tafi asibiti.

3. Kada a zuba shi a buɗaɗɗen rauni, ko ƙuna, ko ido, ko cibiyar jariri.

4. Jariri har ya cika wata shida nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Ban da dauri, ban da jiƙo, ban da ruwa.

5. Mai ciki ta guji shan jiƙe-jiƙe masu bauri. Bauri yana hana hanji tsotse ƙarfen da ke cikin abinci, wanda jiki ke gina jini da shi. Ko baƙin shayi kada ta haɗiyi ƙwayar ƙarin jini da shi.

6. In ka je asibiti, ka faɗa wa likita duk abin da aka sha a gida. Ba zai ci ka tara ba, sanin abin zai taimake shi ya taimake ka.

Jama'a, kowane itace Allah ya halitta da nasa amfani, kuma kowane amfani da iyakarsa. Bagaruwa tana jeme fata, amma ba ta cika randa. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa da matan gidansa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya raya mana zuriyarmu, amin.