Baje Kolin Zane da Sana'ar Hannu a Abuja: Yadda Kaya Ke Samun Daraja

ABUJA: Duk wanda ya juya takardar Naira 20 zai ga hoton wata mata tana aikin tukunya. Wannan ita ce Ladi Kwali, maginiyar da aka haifa a ƙauyen Kwali, wanda a yau yake cikin yankin Babban Birnin Tarayya. Tarihinta ya ishi ɗan kasuwa misali a kan abin da baje koli ke yi wa farashin kaya, domin sana'ar da ta gada ba ta bambanta da ta sauran matan Gwari ba, amma tukwanenta sun ƙare a gidajen tarihi na Turai da Amurka, na ƙawayenta kuwa a bakin murhu da gindin randa.

A shekarar 1950 wani Bature maginin tukwane mai suna Michael Cardew ya ga tukwanenta a fadar Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya riga ya tara wasu daga cikinsu saboda kyansu. Ba da daɗewa ba gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a ƙarƙashin Cardew. Ladi ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko. A can ta ci gaba da gina manyan tulunanta da hannu kamar yadda ta gada, tana zana musu ƙadangare da kunama da kada da kifi, sai dai yanzu ana shafa musu ruwan ƙyalli a gasa su a wuta mai tsananin zafi. Tulun da aka gasa haka ya yi nauyi, kuma ba ya tsatsafar da ruwa balle ya sanyaya shi, saboda haka amfaninsa na ɗaki ya ƙare. Abin da ya saura masa shi ne kallo.

A nan ne baje koli ya shigo. An nuna ayyukan cibiyar a zauren Berkeley da ke Landan a 1958 da 1959 da kuma 1962, kuma ita kanta Ladi ta yi yawon nuna yadda take gini a gaban jama'a a Ingila da Faransa da Jamus, daga baya kuma a Amurka a 1972. Masu saye suka san sunanta, suka san fuskarta, suka san alamar da take bugawa a gindin kayanta. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984, amma har yau idan tulunta ya shiga gidan gwanjo a Landan, sunan da ke gindinsa ake saye.

Wajibi ne a bambanta wurare iri biyu da mutane kan haɗa su a baki. Gidan tarihi ba ya sayar da abin da ke cikinsa. Aikinsa shi ne ya adana, ya yi bincike, ya rubuta asalin kowane abu, ya nuna wa jama'a, ya kuma shirya laccoci da ziyarar 'yan makaranta da koyar da sana'a. Zauren baje kolin zane kuwa shago ne, ko da an ƙawata shi da fitilu. Mai zauren dillali ne: shi zai biya kuɗin wuri da buga ɗan littafin bayanin kayan da gayyatar baƙi da abin taɓawa a ranar buɗewa, sa'an nan ya cire la'adarsa daga duk abin da aka saya, wadda a wannan sana'a takan kai kashi ɗaya cikin uku, wani lokaci har rabin kuɗin. A al'adar waɗannan zaure, idan aka sayi zane sai a manna ɗan jan ɗigo a gefensa, a bar shi a rataye har baje kolin ya ƙare. Wannan ɗigo kansa talla ne, don mai kuɗi ya fi gaggawar saye idan ya ga an riga shi.

To amma biyun suna cin moriyar juna, kuma zauren ya fi ci. Mai zanen da gidan tarihi ya nuna aikinsa, ko ya sayi ɗaya ya ajiye, tamkar ɗan kasuwa ne da banki ya tsaya masa. Daga ranar nan farashinsa ya tashi, don akwai hukumar da ta shaida shi ba don neman riba ba. Kasuwar da ba ta da irin wannan mai shaida takan dogara ne ga bakin dillali kawai.

A nan ne matsalar Abuja take. Nijeriya ta daɗe da gidajen tarihi: an buɗe na Esie a 1945, na Jos a 1952, na Legas a 1957, ga Gidan Makama a Kano, ga na Kaduna, ga kuma na garuruwan bakin ruwa irin su Kalaba da Oron. Amma birnin da aka yanke shawarar ginawa a 1976, wanda gwamnati ta tare a cikinsa ranar 12 ga Disamba, 1991, ya samu ma'aikatu da otal-otal da filin wasa kafin ya samu babban gidan tarihi na ƙasa. Hedikwatar Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa tana Abuja. Haka ma Hukumar Adana Zane-zane ta Ƙasa, wadda dokar soja mai lamba 86 ta 1993 ta kafa, amma mafi yawan zanen da aka tara mata sun yi shekaru a ajiye a Babban Gidan Wasanni na Ƙasa da ke Legas. A 2006 aka fara gina Hasumiyar Millennium a tsakiyar birni, tare da cibiyar al'adu da aka tsara za ta ƙunshi gidan tarihi. Hasumiyar ta tashi sama, aikin kuwa ya yi ta tsayawa shekara da shekaru. Lokacin da ministar harkokin wajen Jamus ta kawo kimanin kayan tagullar Benin 20 a Disamban 2022, a Abuja aka yi bikin miƙa su, a birnin da ba shi da zauren ƙasa da ya dace a jera su jama'a su gani.

Giɓin bai zauna haka nan ba. Manyan otal-otal sun mayar da harabarsu wurin rataye zane, cibiyoyin al'adun ƙasashen waje da ofisoshin jakadanci suna shirya nasu nune-nunen, Cibiyar Al'adu ta Cyprian Ekwensi da ke Area 10 a Garki tana ba da haya, sa'an nan 'yan kasuwa masu zaman kansu sun buɗe zaure irin su Thought Pyramid a Wuse da Nike a hanyar filin jirgin sama. Majalisar Fasaha da Al'adu ta Ƙasa ita ma ta fara shirya baje kolin sana'o'in hannu na shekara-shekara a birnin tun 2008, inda jihohi da ƙasashen waje ke kama rumfuna. Masu sayen Abuja kuwa ba irin na Legas ba ne. Yawancinsu jami'an diflomasiyya ne, da ma'aikatan ƙungiyoyin duniya, da baƙin taro, da ma'aikatu da bankunan da ke neman abin ƙawata sabon ofis ko kyautar ban kwana. Irin wannan mai saye yana da kuɗi, amma ba ya daɗewa, kuma cinikinsa yana hawa da sauka da yawan taruka da kasafin gwamnati.

Ina matsayin ɗan kasuwar Arewa a cikin wannan? Yana nan, kuma ya daɗe. Jakunkuna da matasan fata na Kano da Sakkwato, da rini irin na Ƙofar Mata, da tagullar Bida, da ƙwaryar da aka yi wa zane, da huluna da tabarmi, duk ana samunsu a rumfunan Ƙauyen Sana'o'in Hannu da ke kusa da tsohon otal ɗin Sheraton, kasuwar da gobara ta cinye wani sashe nata a Disamban 2017. Fataucin kayan sassaƙa ma tsohuwar sana'ar Hausawa ce a Afirka ta Yamma, har masu bincike sun yi rubutu a kan dillalan Hausawa da ke wannan ciniki a Abijan. Sai dai kusan duk wannan ciniki yana a ƙasan tsani ne. Kaya ne marasa suna, ana tallarsu tuli guda, mai saye ya taya, a yi ta ja har a daidaita a kan abin da bai wuce kuɗin fata da zare da ɗan abin cefane ba. Baduku ɗaya zai iya ɗaukar mako yana ɗinka abin da za a sayar kusa da wanda aka yi cikin yini, kuma babu abin da zai nuna wa baƙo bambancin.

Ƙauyen Ushafa da ke kusa da Bwari ya ga abin da ido ɗaya mai daraja ke iya jawowa. Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarci matan da ke ginin tukwane a can a Agustan 2000, sunan ƙauyen ya zagaya duniya, baƙi suka yi ta zuwa. Amma ziyara ta yini ɗaya ce. Abin da Ladi Kwali ta samu ya fi wannan: nuni bayan nuni, da alama a jikin kaya, da rubutaccen tarihin wanda ya yi da lokacin da ya yi.

A saman tsanin kuwa kuɗin ba na wasa ba ne. A Fabrairun 2018 gidan gwanjon Bonhams da ke Landan ya sayar da zanen Ben Enwonwu mai suna Tutu, wanda ya zana a 1974, a kan kimanin fam miliyan 1.2. A Legas an fara gwanjon zane na kamfanin Arthouse a 2008, sai kuma kasuwar baje koli ta ART X a 2016. Abin lura ga mutanen Arewa shi ne, da yawa daga cikin sunayen da suka fi tsada a waɗannan wurare, irin su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da Uche Okeke, a Zariya suka yi karatu, inda suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958. Arewa ta horar, Legas ta yi ciniki.

Akwai kuma iyakar da doka ta shata, wadda ya kamata duk mai son shiga wannan kasuwa ya sani tun kafin ya zuba jarinsa. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi, ta ware abin da ta kira kayan tarihi: duk abin da aka haƙo daga ƙasa na mutanen da, da duk aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, da kuma wanda yake da muhimmancin tarihi kuma aka taɓa amfani da shi a wata al'adar gargajiya. Irin wannan kaya ba a yarda kowa ya saya ba sai wakilin da hukumar ta amince da shi, ba a kuma yarda a sayar wa wani ba shi ba, kuma fita da shi daga ƙasa ba tare da takardar izini ba laifi ne. Tsohuwar takobi ko sirdi ko allon ƙofa da aka gada a gidan sarauta na iya faɗawa cikin wannan rukuni, ko da mai shi bai sani ba.

Wannan ba maganar takarda ba ce kawai. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, wanda aka fara cin karo da shi a ramukan haƙar kuza a 1928, ya jawo haƙe-haƙen ɓoye masu yawa a shekarun 1990, tare da makamantansa da aka samu a yankunan Sakkwato da Katsina. A 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su duka a jerin kayan da ta gargaɗi kowa kada ya saya. A wannan shekarar ne kuma rigima ta tashi da aka ga biyu na Nok a baje a gidan tarihin Louvre da ke Paris, har ta kai Faransa ta amince a 2002 cewa kayan mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Ƙauyawan da suka haƙo irin waɗannan kaya abin da suka samu bai taka kara ya karya ba, ƙasar da aka birkita kuwa ta rasa tarihinta har abada. Tun daga lokacin manyan gidajen gwanjo suka tsananta tambayar asalin kaya, don haka abin da ba shi da takarda yana da wuyar sayarwa ko da ya tsallake kwastan.

Sabon aiki ba ya cikin wannan hani, amma jami'in kwastan a filin jirgi ba lallai ne ya iya bambance sabon sassaƙa da tsoho ba, musamman da yake wasu masassaƙa kan turara kayansu da hayaƙi don su yi kama da na da. Saboda haka dillalan da suka san aikinsu sukan kai kayan ofishin hukumar a duba, a ba su takardar da ke shaida cewa ba na tarihi ba ne, su haɗa wa mai saye da rasiɗinsa. Baƙon da aka taɓa ƙwace wa kaya a filin jirgi ba ya dawowa rumfar da ta sayar masa.

Ga mai jarin da ke duban wannan fanni a Abuja, kuɗin farawa ba a gini yake ba, tunda zaure haya ake kamawa na mako ɗaya ko biyu. Yana wajen zaɓe. Maimakon tulin kaya ɗari biyu, a ɗauki ashirin ko talatin na masu sana'a uku ko huɗu da aka san hannunsu, a rubuta sunan kowa da garinsa da irin fatar ko zaren ko yumɓun da ya yi aiki da shi, a ɗauki hoton kowane abu a buga, a sa farashi a rubuce. A kawo badukun ko marinin ko maginiyar su zauna su yi aiki a gaban baƙi, a gayyaci makarantu da safe, masu saye da yamma. Bankuna da kamfanonin sadarwa sukan ɗauki nauyin irin wannan taro don sunansu ya fito a jikin takardar gayyata, abin da kan rage wa mai shiryawa kuɗin haya da na inshorar kaya. Ribar baje kolin farko ba kasafai take wuce kuɗin da aka kashe ba. Abin da ake fita da shi shi ne littafin da baƙi suka rubuta sunayensu a bakin ƙofa, wanda da shi ne za a aika da gayyatar na biyu.