Karen Farauta a Ƙasar Gumel: Ilimin da Bai Kamata Mu Raina Ba

Da zarar an kai gero rumbu, an kakkaɓe riɗi, hunturu ya fara kaɗawa, sai kiɗan farauta ya tashi a ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa da Maigatari. Mai kallo daga bakin hanya abin da yake gani shi ne samari da gora da adda da layu, da garken karnuka sirara suna biye da su. Abin da ba ya gani shi ne dattijon da ya shafe rayuwarsa yana zaɓen waɗanne karnuka za a haɗa su haihu, wane kwikwiyo za a riƙe, wanne za a bayar. Wannan dattijo yana riƙe da ilimi na gaske, kuma rainin da muke yi wa sana'arsa yana jawo mana asara har ta rayuka.

Aikin yana farawa tun kafin haihuwa. Gwanin kiwo ba ya barin karyarsa ta haɗu da kowane karen bola. Yana neman mai faɗin ƙirji da siririn ƙugu da dogayen ƙafafu, domin ƙasar Gumel rairayi ce da fili, kuma zomo ba ya jiran mai teɓa. Bayan wata biyu karya ta haihu, sai ya zuba ido: wanne ne ke rigan 'yan uwansa zuwa nono, wanne ke firgita in an buga ƙwarya, wanne ke sa hanci a ƙasa yana sansane. Daga nan sai sabo. Da hannunsa yake ba kwikwiyon da ya zaɓa tuwo da ƙanzo da ƙasusuwan da ya karɓo wajen mahauta, yana kiran sunansa har kunnen ya riƙe. Masana halayyar dabbobi sun tabbatar cewa tsakanin mako 3 zuwa 12 na rayuwar kwikwiyo ne ake kafa yardarsa da mutane, abin da maharbin ƙauye ya daɗe da sani ba tare da ya shiga aji ba. In ya tasa, sai a haɗa shi da manyan karnuka ya koyi bin sawu da tare hanya. Darasi mafi wuya shi ne na ƙarshe: ya kama zomo ko gafiya da yunwa a cikinsa, ya riƙe, bai ci ba, har ubangidansa ya iso. Wannan ba ya samuwa da duka. Karen da aka horar da bulala yakan zama matsoraci ko mai cizo. Haƙuri ne na watanni, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Za a ce ai kare ƙazanta ne, Musulmi ba shi da haɗi da shi. To, a koma ga malamai. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabba ta kamo in an ambaci sunan Allah, kuma hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya yi bayanin hukuncin karen da aka saka ya kama bai ci ba, wato daidai abin da maharbinmu ke wahalar koya wa nasa. Hadisan da suka yi gargaɗi kan ajiye kare sun keɓe na farauta da na kiwo da na gona. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasar Hausa, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake an yi umarni a wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Saboda haka addini ya shata iyaka ne, bai ba kowa izinin jifa da azabtarwa ba. Yaron da ke ɗirka wa kwikwiyo dutse ba ibada yake yi ba, kuma laifin na manyan da suka gani suka yi shiru ne.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Daji ya ƙare. Gonaki sun cinye shi, an sare itatuwa, barewa da gada sun zama labarin kakanni a yawancin yankin. Farautar taron dangi, da cinna wa daji wuta don a koro ɓera, da faɗan da kan ɓarke a kan wa ya kashe zomo, duk ɓarna ce da ba ta da mai kare ta. Dole ne sarakunan dawa su tsawata, a bar dabba lokacin haihuwarta, a kiyaye wuraren da hukuma ta keɓe irin su dajin Baturiya da ke ƙasar Haɗejia. Amma ƙarewar naman daji ba ta nufin ƙarewar aikin kare. Makiyayin da ke kora dabbobi zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis yana buƙatar mai gadin garke da dare. Mai lambu yana buƙata. Hukumar NDLEA da 'yan sanda suna amfani da karnuka masu gano ƙwaya da abin fashewa, galibi irin na Turai masu tsada da ke jigata a zafinmu. Kuma darajar karen Sahel ba a ɓoye take ba: karen Buzaye na kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, wanda ƙirarsa ta yi kama da ta karnukan farautarmu, an kai shi Turai tun shekarun 1970, kuma babbar ƙungiyar masu kiwon kare ta Amurka ta yi masa cikakkiyar rajista a 2019. Wasu sun adana nasu irin, mu namu yana gauraya da karnukan titi yana ɓacewa.

Sai batun da ya fi kowanne tsanani, wato haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Wasu na ganin maganin shi ne a bi karnuka a kashe. An gwada a ƙasashe da dama bai yi ba, domin wasu karnukan ke cike gurbin. Abin da ya yi aiki shi ne yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin wannan allura. To, wa zai kama karnukan ƙauye a yi musu allura? Malamin dabbobi da ya zo daga Gumel bai san su ba, su ma ba su san shi ba. Maharbi kuwa da fito ɗaya zai tara goma, ya kuma faɗa maka na gidan wane ne ya canza hali, yana dalalar da yawu, yana cizon iska. A yankin da ke kan iyaka da Nijar, inda dabbobi ke ƙetarawa ba fasfo, babu abokin aikin da ya kai shi.

Don haka kira yake ga Masarautar Gumel da ƙananan hukumominta huɗu: a kira sarakunan dawa, a ƙidaya karnukansu, a kai musu rigakafi kafin lokacin farauta ya kama, a kuma yi amfani da ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, wajen wayar da kai a kasuwanni. Kai kuma mai karatu, in kare ya ciji wani naka, ko da ƙwarzane ne, wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, sannan ka garzaya da shi asibiti a ranar, kada ka tsaya jiran ka ga abin da zai faru.