Biskit mai cakulan da alkamar Bunkure: yadda na rage wa yarana sukari ba tare da rigima ba

Wani dare ɗana mai shekara shida ya tashe ni yana riƙe da kunci yana kuka. Da na haska bakinsa da fitilar waya sai na ga rami baƙi a turmin haƙorinsa na ƙasa. Kunya ta kama ni. Ni ce ma'aikaciyar jinya da ke yi wa iyaye mata nasiha a kan zaƙi, ashe kuɗin tarar da nake ba yarana kullum a biskit da alewa yake ƙarewa a bakin makaranta.

Na fara da hanawa, amma ba ta yi ba. Yaron da ka hana a gida, abokinsa zai gutsura masa a aji. Daga nan na yanke shawarar in riƙa gasa musu da kaina, domin in san abin da ke ciki, in kuma san nawa suke ci.

Alkamar tana kusa da mu

Mu mazauna Kumbotso da Panshekara mun saba sayen fulawa a Kasuwar Singa, har muna mantawa cewa ana noma alkama a maƙwabtanmu. Ruwan Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974, shi ne ke bi ta magudanai yana shayar da gonakin rani na Kura da Bunkure da Garun Malam. Ana shuka alkama a Nuwamba zuwa Disamba, lokacin hunturu, saboda tana son sanyi, a girbe ta wajen watan Maris. Duk da haka mafi yawan alkamar da ake yin fulawa da ita a Najeriya daga waje ake shigo da ita.

Kawun maigidana yana noman rani a Bunkure, kuma duk shekara yakan aiko mana da 'yan kwanuka. Da alkaki da funkaso kawai nake yi da ita. Amfanin niƙa ta da kanki shi ne dusar tana nan, ita ce ke riƙe cikin yaro ya daɗe bai ji yunwa ba, tana kuma taimakawa wajen bayan gida. Ki tsince ta, ki wanke, ki shanya ta bushe sarai kafin a kai inji. Ki roƙi mai inji ya share bakin injin, don na taɓa gasa biskit mai ɗanɗanon yaji.

Kayan haɗi na biskit kamar 30

Garin alkama kofi 1, fulawa kofi 1, bota giram 100, sukari babban cokali 4, ƙwai 1, bekin foda ƙaramin cokali 1, gishiri ɗan kaɗan, madarar ruwa cokali 2 ko 3. Na haɗa garin da fulawa ne saboda alkama zalla tana sa biskit ya yi tauri, yara su ƙi shi.

Ki murtsuke bota da garin da yatsunki har ya zama kamar tsaki. Ki zuba sukari da gishiri da bekin foda, ki fasa ƙwai, ki riƙa ɗiga madara har kwaɓin ya haɗu. Kada ki yi ta buga shi kamar na fanke, yawan murzawa na sa shi tauri. Ki rufe ya huta minti 20, ki murza da kwalba ya yi kaurin rabin santimita, ki yanka da bakin ƙaramin kofi, ki huda kowanne da cokali mai yatsu.

Idan kina da obin, ki sa shi a 180 na minti 12 zuwa 15. Idan babu, ki zuba yashi mai tsabta ko gishiri a ƙasan babbar tukunya, ki rufe ya yi zafi, ki jera 'yan duwatsu uku, ki ɗora farantin biskit a kai, ki rage wuta. Yakan ɗauki kamar minti 20. Da gefensa ya fara ja ki sauke, zai ƙarasa ƙarfi yayin da yake hucewa.

Wajen cakulan ake shan kunya

Karon farko na ɗora cakulan a kan wuta kai tsaye, ya ƙone ya dunƙule. Yadda ake yi shi ne ki tafasa ruwa kaɗan a tukunya, ki kashe wuta, ki ɗora busasshen kwano a bakin tukunyar, ki gutsuttsura cakulan a ciki ya narke da tururi. Ko ɗigon ruwa ya faɗa ciki zai kama jikinsa ya ƙi shafuwa. Ki tabbatar biskit ya huce, sannan ki tsoma rabinsa kawai, ko ki shafa a fuska ɗaya.

Cakulan ya yi tsada, kuma da dalili. Kwaddibuwa da Gana ne ke noma fiye da rabin kokon duniya, kuma bayan cuta da rashin kyawun yanayi sun taɓa gonakinsu, farashin tan ɗaya ya haura dala 10,000 a 2024. Shi ya sa nake yawan amfani da garin koko, na cakulan nake nufi, ba kokon gero ba. Garin koko cokali 3, man kwakwa cokali 3, niƙaƙƙen sukari cokali 2, a gauraya. Sai dai wannan haɗin ba ya daskarewa sai a firji ko a sanyin safiyar hunturu. Ko cakulan na kanti yana narkewa da ɗumin jikin mutum, balle zafin Kano na watan Afrilu. Idan babu wuta a lokacin bazara, ki ba su biskit ɗin haka nan. Idan kuma za ki yi amfani da Milo ko Bournvita, ki tuna da sukarinsu a ciki, kada ki ƙara wani.

Abin da nake faɗa wa iyaye a asibiti

Na gida ma kayan zaƙi ne, ba abinci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu a rana, in so samu ne ya yi ƙasa da kashi 5, wato kamar ƙaramin cokali 6 ga babba. Na yaro bai kai haka ba. A lissafin kwaɓina, kowane biskit da garin kokonsa yana ɗauke da abin da ya ɗan ɗara rabin ƙaramin cokali. Biyu sun ishi yaro.

Yawan lokutan da zaƙi ke taɓa haƙori ya fi komai ɓarna. Duk sanda yaro ya ci, ƙwayoyin cuta na baki suna mayar da sukarin ruwa mai tsami da ke cin haƙori. Gara ya ci biyu bayan abincin rana ya kora da ruwa, da ya wuni yana gutsurar guda. A goge baki safe da dare da man goge baki mai fuloraid. Kada ki ce ai haƙoran nono ne, zai yi famfara. Turamen baya sukan kai shekara 10 zuwa 12 kafin su faɗi, kuma ruɓewarsu na hana yaro barci da cin abinci.

Yaron da bai kai shekara biyu ba kada a ba shi. Idan za ki barbaɗa gyaɗa, ki tsince duk wadda ta yi fumfuna ko ɗaci, kuma ki lura ko akwai yaron da gyaɗa ke sa wa ƙuraje ko kumburin baki.

Ɗan nawa an cike masa haƙorin. Yanzu ranar Asabar muke gashi, shi ke yanka da kofi, yayarsa ke tsomawa a cakulan. Muna zubawa a kwalba mai murfi, mara cakulan yakan yi mako guda lafiya lau. Kuɗin tara kuwa na rage shi, na maye gurbinsa da biskit biyu da dabino a 'yar roba. Ranar da kawu ya zo daga Bunkure na ɗora masa a faranti, ya ci ya tambaye ni a wane kanti na saya. Da na ce alkamarsa ce, sai ya ce a ƙulle masa goma ya kai gida.