Ƙarin mahaifa: abin da tukunya za ta iya yi wa mace a Garwa, da abin da sai asibiti

A unguwannin Garwa irin su Hausare da Fulɓere da Yelwa, da wuya a rasa gidan da ba a san labarin ba. Marar mace ta fara tasowa, 'yan uwa su fara yi mata barka, wata tara ya wuce babu naƙuda. Sai a ce cikin ya kwanta, wasu su ce iska ce, wasu su ce jifa aka yi mata. Ita kuwa duk wata jini na zuba mata kwana takwas ko goma, idan ta ɗauko bokitin ruwa sai haki. Sau da yawa abin da ke cikinta ƙarin mahaifa ne. A takardar asibitin Kamaru ko Chadi za ki ga an rubuta "fibrome" ko "myome", a Yola ko Mubi kuwa "fibroid". Duka abu ɗaya ake nufi.

Tambayar da mata suka fi yi bayan an gaya musu ita ce: me zan ci ya narke? Har yau binciken likitoci bai gano wani abinci ko tsimi da ke narkar da ƙarin da ya riga ya fito ba. Amfanin abinci yana wani wajen, wato wajen mayar da jinin da ake asara, kuma rashin jinin ne ya fi kwantar da masu wannan larura.

Mene ne ƙarin mahaifa?

Tsiro ne daga naman mahaifar kanta. Wani bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, wani ya kai goruba, wani har ya kai kankana, kuma mace ɗaya tana iya samun da yawa. Sinadaran jiki masu tafiyar da al'ada, istirojin da furojestaron, su ne ke ciyar da shi. Shi ya sa yake girma a shekarun haihuwa, sannan yakan motse idan mace ta daina al'ada. Ba ciwon daji ba ne. A cikin irin waɗannan tsiro dubu, wanda ake samu na daji bai kai ɗaya ba.

Larura ce da ta yawaita ƙwarai a tsakanin baƙaƙen mata. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 2003 ya nuna cewa kafin su kai shekara 50, sama da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata sun samu ƙarin, turawa kuma kusan kashi 70. Da yawa ba sa jin komai har su tsufa. Waɗanda ke ji kuwa, ya danganta da inda ƙarin ya zauna. Wanda ya fito ta cikin ɗakin mahaifa, ko ƙarami ne, shi ke kawo zubar jini mai yawa da ɓari. Wanda ya tsiro ta gaba yana danne mafitsara, mace ta yi ta fitsari. Na baya kuma yana danne hanji ya kawo taurin bayan gida da ciwon ƙugu.

Jinin da ke tsiyayewa

Binciken lafiyar al'umma na Kamaru na shekarar 2018 ya gano cewa kusan mata 40 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. A kwarin Binuwai ga zazzaɓin cizon sauro da damina, ga tsutsar ciki, ga tsargiya ga masu shiga ruwa, kowanne na cin jini. Idan ƙari ya haɗu da waɗannan, mace kan rame a tsaye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce macen da ba ta da ciki, idan awon jininta ya gaza giram 12, tana da ƙarancin jini. Mai ciki kuma 11. Alamun su ne jiri, haki, bugun zuciya, ciwon kai, da farin ido da tafin hannu. Akwai wata alamar da ba a cika lura da ita ba: kwaɗayin tauna ƙanƙara ko cin farar ƙasa, wadda ake sayarwa a kasuwannin Kamaru da sunan kalaba. Wannan kwaɗayi yakan nuna jiki ya rasa sinadarin ƙarfe, kuma ita farar ƙasar tana ƙara hana hanji tsotsar sinadarin. An kuma sha samun dalma a cikinta. A guje ta.

Matan da jininsu ke zarce kwanakinsa sukan je wajen malam su tambayi hukuncin salla da azumi, ya ce musu jinin ciwo ne. Hukuncin ibada wannan na malam ne, amma tunda an kira shi ciwo, sai a kai shi wajen likita ma.

Abin da za a sa a tukunya

Sinadarin ƙarfe, wanda ake rubuta "fer" a kwalin magani, shi ne tubalin jini. Wanda jiki ya fi saurin ɗauka yana cikin hanta da ƙoda da nama da kifi. Hanta sau ɗaya a mako ta wadatar, mai ciki kuma ta tambayi ungozoma kafin ta yawaita ta. Kifin Lagdo da na Binuwai, ɗanye ko banda, yana da sauƙin samu fiye da nama. Ƙananan busassun kifi da ake dakawa a miya suna da amfani ƙwarai.

Ga wadda ba ta da kuɗin nama kullum, akwai wake da gyaɗa da riɗi da daddawa da gero. Akwai zogale, tafasa wadda Fulani ke kira tasba, kuka, lalo, alayyafo da ganyen wake. Sai dai ƙarfen da ke cikin tsirrai jiki ba ya ɗaukarsa sosai sai an taimaka masa. Mataimakinsa bitamin C ne: matsa lemun tsami a kwaɗon zogale ko a kunu, ki ci gwaba ko mangwaro ko lemun zaƙi bayan tuwo. Ɗan kifi kaɗan a miyar ganye ma yana ƙara abin da jiki ke samu daga ganyen.

Shayi kuwa, abokin hira a kowane gida a arewacin Kamaru, yana ɗaure ƙarfen ya hana shi shiga jini idan an sha shi tare da abinci. Haka ma kofi. Ba a ce ki daina ba, ki dai ba da tazarar awa ɗaya ko biyu bayan cin abinci. Haɗin lemon malt da madarar gwangwani da ake ba mai ƙarancin jini, sukari ya fi yawa a ciki, ƙarfensa bai taka kara ya karya ba. Kuɗinsa gara a sayi hanta.

Idan jini ya riga ya yi ƙasa sosai, abinci kaɗai ba zai cike giɓin ba. Sai an haɗa da ƙwayoyin ƙarin jini da likita zai rubuta. Suna mayar da bayan gida baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Akan ci gaba da sha kamar wata uku bayan awo ya daidaita, domin rumbun jiki ya cika.

Ƙiba, motsa jiki da rana

Kitsen jiki yana sarrafa istirojin, saboda haka mata masu ƙiba sun fi fuskantar ƙarin. Wani bincike a Italiya a 1999 ya ga cewa matan da ke yawan cin jan nama sun fi samunsa, masu yawan cin ganye kuma ya yi musu sauƙi. Wani babban bincike kan baƙaƙen matan Amurka ya ga raguwar haɗarin ga masu cin 'ya'yan itatuwa, musamman dangin lemu. Waɗannan sakamako sun shafi haɗarin fitowar ƙari ne, ba su nuna cewa wanda ya fito zai ɓace ba. Darasinsu dai mai sauƙi ne: a rage soye-soye da lemon kwalba da sukarin shayi, nama a ci daidai, ganye ya yawaita.

Ga mai taurin bayan gida, tuwon dawa ko masakwa ko geron da ba a surfe ƙal ba ya fi farar shinkafa da burodi. Miyar kuɓewa da wake da gwanda suna sassauta ciki. Ruwa kuma a sha sosai, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura digiri 40. Hawan jini yakan zo tare da ƙari, don haka a rage gishiri da dunƙulen magi, a ƙara daddawa da albasa da citta.

Tafiya a ƙafa ta minti 30, kwana biyar a mako, ta kai minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke shawarta. A yi ta bayan asuba ko da yamma lis. Wadda jininta ya yi ƙasa har tana haki ta fara gyara jinin tukuna. An kuma lura matan da ke da isasshen bitamin D, wanda fata ke samarwa daga hasken rana, ƙarin bai cika kama su kamar sauran ba. Macen da ke wuni a ɗaki ta riƙa fitowa tsakar gida ta sha hantsi na ɗan lokaci.

Lokacin ciwon mara, tsumma mai ɗumi ko gorar ruwan ɗumi a mara yana rage zafi. Ibuprofen yana rage ciwo, yana ɗan rage zubar jini, amma bai dace da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mai juna biyu ba. Asfirin kuwa ƙara zubar yake yi. A kula da haɗe-haɗen ƙwayoyin da ake saya a bakin titi ba tare da sanin abin da ke ciki ba.

Yaushe ne sai asibiti?

Hoton ciki, wanda ake kira eko, shi zai bambance ƙari da juna biyu, ya nuna yawansa da girmansa da mazauninsa. Ana yin sa a Asibitin Yanki na Garwa da takwarorinsa na Marwa da Ngaundere. Ki ajiye kowace takarda da hoto wuri guda, ki tafi da su ko da ƙetare iyaka za ki yi, domin likita ya gwada girman bana da na bara.

A tafi ba tare da jinkiri ba idan audugar mata na jiƙewa duk awa ɗaya ko biyu, ko al'ada ta wuce kwana bakwai da manyan gudaji, ko mace ta suma, ko fitsari ya ƙi fita, ko ciwon mara mai tsanani ya zo da zazzaɓi. Haka nan duk jinin da ya dawo bayan an daina al'ada.

Tsoron tiyata ne ke hana mata da yawa zuwa, alhali ba kowace ake yi wa ba. Ƙaramin ƙari da ba ya damun mai shi, sa ido kawai ake yi. Akwai ƙwayoyin tsayar da jini da ake sha a kwanakin al'ada, akwai wasu magungunan tazarar haihuwa da ke rage zuba. Idan ta kama a yi aiki, ana iya cire ƙarin a bar mahaifa ga mai son haihuwa, ko da yake yakan sake fitowa. Cire mahaifa gaba ɗaya shi ne ke yanke shi. Jinkiri na shekaru wajen masu tallar maganin narkarwa shi ke sa ƙarin ya girma har ceton mahaifar ya yi wuya.

Yawancin masu ƙari suna ɗaukar ciki su haihu lafiya. Wadda ta samu cikin ta fara awo da wuri, ta gaya wa ungozoma tana da shi, ta haihu a asibiti saboda haɗarin zubar jini bayan haihuwa. A yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa da Adamawa, shirin Chèque Santé na sefa 6,000 ya ƙunshi awo da eko da haihuwa har da tiyata a asibitocin da ke cikin shirin.

Akwai magana ga maigida ma. Matar da ta kasa tashi daka ko shara a kwanakin al'adarta, mai yiwuwa jini ne ya ƙare mata. Kuɗin awon jini da eko ɗaya bai kai na ledar jini biyu da kwanan asibiti ba. Idan kuma an sa ranar aiki, a fara neman 'yan uwan da za su ba da jini tun da wuri, domin sau da yawa asibiti kan buƙaci dangi su kawo masu bayarwa.