SOYEN NAMAN SA: KARIN KUMALLON MUTANEN KEFFI

Duk mutumin Keffi da ke zaune a Agege ko Sabon Ibadan, in ya je gida Babbar Sallah, da wuya ya komo Kudu ba tare da ƙunshin soye a jakarsa ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin garin tun asali na masu shanu ne. Abdu Zanga, Bafillace daga ƙasar Katsina, shi ya kafa shi wajen shekarar 1800.

A zamanin da babu firji, suya ita ce hanyar adana nama. Mata kan yanka shi gutsi-gutsi, su dafa da gishiri da albasa da citta har ruwan ya tsotse, sa'an nan su soya da man gyaɗa ko kitsen san kansa, sai ya bushe ƙayau. In ya huce a zuba a kwalla a rufe. Wanda aka soya da kyau yakan yi makonni bai lalace ba, amma in aka bar danshi a ciki, kwana kaɗan sai ya yi funfuna, balle a laimar Ikko. Da safe maigida ya sami tsoka uku ko huɗu da yaji, ya haɗa da koko ko waina, ya kama hanyar gona.

Masana abinci sun tabbatar da amfaninsa. Giram 100 na dafaffen naman sa yana ɗauke da kimanin giram 26 na furotin, watau sinadarin gina jiki, ga kuma sinadarin ƙarfe da bitamin B12 masu ƙara jini. Shi ya sa ba a raba mai jego da nama.

To, amma fa manomin da ya ci soye ya wuni yana zufa, ba ɗaya yake da mai canjin kuɗi ko mai tireda da ke wuni a zaune ba. Gishiri da maiƙon da suke tsare naman, su ne abokan hawan jini da ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin baligi ya kai giram 5 a rana, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, masu binciken ciwon daji kuma suka ce jan nama kada ya wuce rabin kilo a mako. Ƙunshin da uwa ta ɗaure wa ɗanta don ya kai shi wata guda, sau da yawa 'yan ɗaki ɗaya kan taru su cinye shi cikin kwana uku.