Aikin sa-kai a dajin Gashaka: abin da ya kamata ku sani

A Arewa idan aka ce ɗan sa-kai, hankali yakan tafi ga masu sintirin tsaro. Akwai wani sa-kan kuma da kayan aikinsa littafi ne da fensir da takalmin ruwa: mutum ya ba da watanninsa ba tare da albashi ba, yana taya masu bincike nazarin namun daji a inda mota ba ta zuwa. Ana yin irin wannan aiki a Amazon da Borniyo, ana kuma yin sa a gida, a Gashaka-Gumti.

Gandun dajin Gashaka-Gumti ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa a kan iyakar Kamaru. Shi ne mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a 1991 ya zama gandun ƙasa. A cikinsa Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar. A shekarar 2000 Farfesa Volker Sommer na jami'ar UCL da ke Landan ya kafa aikin nazarin birrai a can, aka yi sansani a Kwano, tafiyar sa'o'i a ƙafa daga ƙauyen Gashaka. Babban abin da ya ja su shi ne birin nan mai kama da mutum, wanda mutanen yankin ke kira biri mai ganga saboda yadda yake dukan saiwar manyan itatuwa, amon ya ratsa kurmi. Irin na Najeriya da Kamaru ba su kai 10,000 ba a duniya duka.

Duk wanda ya shiga da niyyar ya wuni yana kallon birrai, tun a makon farko zai gane ba haka aikin yake ba. Biri mai ganga gudun mutum yake yi, kuma kafin garke guda ya saba da mutane har ya bari a bi shi, sai an shafe shekaru. Don haka sawunsa ake karantawa. Kowace yamma yakan lanƙwasa rassa ya yi sabuwar sheƙar kwana a saman itace. Mai sa-kai yana bin layin da aka shata a daji, kansa a sama har wuya ya ƙage, yana ƙirga sheƙun, yana rubuta irin itacen da tsayinsa, da ko ganyen ɗanye ne ko ya bushe. Da wannan ƙidayar ake kintata yawan birran.

Sai kashi. Ana tsinto shi, a zuba a rariya, a wanke a bakin rafi. Abin da ya saura a rariyar, ƙwallayen 'ya'yan itace da kawunan kwarkwasa, shi ke faɗin abin da birin ya ci. Ana kuma tattara sandunan da ya yar a bakin rami, a auna su ɗaya-ɗaya, domin na Gashaka da sanda suke ciro zuma da kwarkwasa. Aikin yana da gundura, amma daga irin wannan haƙuri ake samun abin mamaki. A dajin nan ne Kate Arnold da Klaus Zuberbühler suka gano cewa wani ƙaramin biri mai farin hanci yana haɗa kuka iri biyu ya fitar da wata ma'ana dabam, wato a tashi a tafi. An buga binciken a 2006.

A ganina, abin da ya fi muhimmanci baƙo ya sani shi ne ɗalibi yake. Mataimakan bincike 'yan ƙauyukan yankin su suka san hanya, su ke jin kuka daga nesa su ce ga dabbar da ta yi shi, su ke duban rafi da damina su ce yau ba ya ƙetaruwa. Idan suka ce a juya, a juya. Ko a Gombe ta Tanzaniya, inda Jane Goodall ta fara aiki a 1960, 'yan ƙasar ne suka riƙe bin birran yau da gobe tsawon shekaru.

Lafiya kuwa ta ɓangare biyu ce. Taku: rigakafin shawara, maganin zazzaɓin cizon sauro, gidan sauro, da tafasa ruwan sha, domin asibiti yana da nisa. Sai ta birran. Murar da mutum zai warke cikin kwana uku tana iya kashe su, kuma an tabbatar da hakan a dajin Tai na Kodebuwa. Shi ya sa ake sa takunkumin fuska, a tsaya aƙalla mita 7 daga gare su, mai tari kuma ya zauna a sansani.

Maganar kuɗi ita ce mai ɗaci. Ayyuka da yawa a duniya mai sa-kai ne ke biyan jirgi da abinci, wani lokaci har da kuɗin zama, abin da ya sa akasarin masu zuwa 'ya'yan masu hali ne daga Turai da Amurka. Ya kamata ɗalibanmu na ilimin dabbobi da gandun daji su ma su riƙa neman waɗannan gurabe, ga su kusa, ga Hausa da Fulatanci a bakinsu. Ban da Gashaka akwai tashar binciken kurmin Ngel Nyaki a tsaunin Mambila, da cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI kusa da Jos.

Kafin ku ɗaura jaka, ku tambayi wace jami'a ce ke bayan aikin, ko yana da izinin hukumar gandun daji, ina bayanan da za ku tattara za su tafi, yaya tsaro yake a hanya, kuma yaya ake fitar da marar lafiya. Wurin da ke tallata rungumar ɗan biri don ɗaukar hoto, ku kauce masa. Hedikwatar Gashaka-Gumti tana garin Serti, daga nan ake fara tambaya.